Mun Ba Kamfani Haƙuri

A ƙofar gidanmu da ke Daura akwai bishiyar darbejiya, a gindinta kuma akwai ramukan dara da ban taɓa ganin sun cike ba tun ina yarinya. Ko ruwan sama ya share su da safe, kafin la'asar wani ya sake tona su da yatsa. Nan babanmu yake zama da abokansa in an idar da salla, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa, kowa na neman ya jera 'ya'yansa uku ya ɗauke ɗaya daga na abokin wasansa. Baba dillalin shanu ne, ya ci kasuwar Mai'aduwa da ta Mashi har gwiwoyinsa suka gaji, amma in ka tambayi mutanen unguwa sana'arsa za su ce maka dara. In ya cinye mutum ba ya dariya. Sai ya karkaɗe hannuwansa, ya dubi mutumin sama da ƙasa, ya ce, "Tashi ka ba manya wuri."

Ni daga zaure na koyi wasan. Mace ba ta zama a gindin darbejiya. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka da baki, ba a yi ne kawai. Sai in laɓe bayan ƙyaure da buta a hannu kamar an aike ni, ina kallo, ina cizon yatsa in na ga wani tsoho ya bar gida a buɗe. Har aka yi mini aure, har na fara koyarwa a firamare, ban taɓa ɗaukar tsakuwa na ajiye a rami ba. Kuma na san a raina zan iya cinye rabin tsofaffin nan ban yi gumi ba.

Ƙanena ne ya share mini wannan hawaye, bai ma san ya yi ba. Ya yi karatun kwamfuta a Katsina, ya dawo ya bi ofisoshi neman aiki har takalminsa ya cinye, daga baya ya haƙura ya buɗe shagon gyaran waya kusa da tasha. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, marar yawan magana, irin mutanen da in suna tunani za ka ɗauka fushi suke yi. Tsakanin canza gilashin waya da gyara wurin caji ya riƙa haɗa wasan dara na wayar hannu. Ya daɗe yana yi, har muka daina tambayarsa ina aka kwana. Ya yi filin wasan kalar yashi, 'ya'yan kuma kara da tsakuwa, kamar dai na ƙofar gida. Ya riƙa zama kusa da Baba yana lura da yadda yake zuba 'ya'ya da yadda yake ɗana tarko, don in mutum ya zaɓi ya kara da wayar, ta yi masa wasa irin na Baba.

Sai ya zo da maganar murya. Yana so in wayar ta cinye mutum a ji muryar Baba da kansa yana korarsa. Baba ya ce, "Ni zan shiga cikin waya kamar mawaƙi? Da girmana?" Aka yi ta lallashi. Ranar da ya yarda kuwa, shi ne ya hana a tashi. An ɗauka ya ce bai fita da kyau ba, an sake ya ce ya yi kama da mai roƙo, sai da aka samu wadda rainin ya cika a cikinta sannan ya ce a bar wannan. Aka ɗauki wata kuma ta lokacin da mutum ya ci wayar, inda yake cewa, "To, ba laifi," can ƙasan maƙoshi, kamar ana cire masa haƙori.

Sunan wasan Dara. Me kuma za a sa masa?

Direbobin tasha ne suka fara sauke shi a wayoyinsu, sai 'yan acaɓa, sai masu shayi. Ƙanena ya sa shi a babbar kasuwar manhajoji ta intanet inda kowa ke samun wasanni, ya kuma yi yadda mutum biyu za su kara ko suna garuruwa daban. Kafin mu farga ana buga shi a garin Babban Mutum, ana buga shi a tsallaken iyaka. Mutum zai shigo shagon da fasasshiyar waya, in ya gane wanda ke gabansa sai ya ce, "Kai ne ɗan tsohon nan mai korar mutane?" Baba yana jin labari yana yi kamar bai dame shi ba, amma ya sayi sabuwar hula a lokacin.

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne mata. Waya ba ta da gindin bishiya. Na sauke wasan, na fara bugawa bayan na tashi daga makaranta, na samu wata mata a Damagaram da ban taɓa ganin fuskarta ba, ban san ko yarinya ce ko tsohuwa ba, na dai san muguwa ce a wasa kuma ba ta yafe kuskure. Muka zama abokan hamayya. Wata rana kuma na cinye wayar kanta, na ji Baba ya ce mini, "To, ba laifi." Na saka mayafi na tafi gida a ranar, na nuna masa. Ya ce, "Wannan ai ba ni ba ne, inuwata ce kika ci. Kawo nan." Muka zauna a tsakar gida a kan tabarma ɗaya, waya a tsakaninmu, ni da mahaifina muna dara. Bai ɗauki lokaci ba ya share ni. Ya karkaɗe hannuwansa ko da yake babu yashi a jikinsu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Tashi ki ba manya wuri." Ban taɓa jin daɗin kora irin na ranar ba.

Ana cikin haka wata safiya ƙanena ya zo makarantarmu lokacin tara, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, karanta wannan, ko ni ne ban gane Turancin ba." Ya gane sarai. Saƙo ne daga lauyoyin wani kamfanin wasanni na ƙasar waje. Suna da wani wasa na yaƙi da dodanni, shi ma sun sa masa suna Dara, sun yi rajistarsa a matsayin alamar kasuwancinsu. Suka ce ƙanena ya saci sunansu, yana ruɗar masu sayen kayansu, yana cin moriyar guminsu. Suka ba shi 'yan kwanaki ya janye wasan, in ba haka ba za su kai shi kotu a ƙasarsu, su sa a rufe masa asusu a kasuwar manhajoji har abada, su bi shi diyyar da ko an sayar da unguwarmu ba za ta biya ba.

Na karanta na ji kaina ya yi zafi. Na ce kakan kakansu bai san ana tona rami a yashi ba aka fara dara a ƙasar nan. Wane direban Daura ne zai nemi kara da tsakuwa ya faɗa kan dodanni ya ce ya ruɗe? Ƙanena bai yi dariya ba. Kalmar kotu kawai yake gani, da kalmar har abada.

Da la'asar muka kai maganar gaban Baba. A nan sai na faɗi abu na biyu da aka san shi da shi, wato sulhu. In rigima ta tashi a kara, wato kasuwar shanu, an sayar da sa ya mutu a hanya, ko an yi ciniki wani ya janye, Baba ake kira. Yana da hanyarsa guda wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Zai je wurin wanda ya fi zafi, ya rage tsawo, ya ce, "Laifinmu ne, a yi haƙuri," ko da kuwa mutuminsa ne mai gaskiya. Ba tsoro ba ne, dabara ce. A garin nan in dattijo ya ɗauki laifi ya ɗora wa kansa a gabanka, ya ɗaure ka. Dole ka ce, "Haba, ba komai, ya wuce," sau da yawa ma ka ƙara da abin da ba a roƙe ka ba, don kada a ce an ba ka haƙuri ka ƙi. Wanda ya ƙi, shi gari zai bi da kallo. Da wannan hanya Baba ya raba rigingimun da suka kusa kai wa ga wuƙa.

Ya saurari saƙon har ƙarshe, ƙanena na fassarawa. Ya ce, "Mutanen nan ransu ne ya ɓaci. Sun ga kamar an raina su. A ba su haƙuri."

Na ce, "Baba, haƙurin me? Me muka yi musu? A nemi lauya ya duba tukuna."

Ya ce, "Wanda ya fara kiran lauya shi ya fara faɗa. Su sun kira nasu don ba su san mu ba. In suka ga mu mutanen kirki ne za su ji nauyi."

Na ce, "Kamfani ne fa, Baba, ba mutum ba ne."

Ya ce, "Kamfanin aljanu ne ke cikinsa? Ba uwa ce ta haife su ba? Ke malama, tsaya kan allonki. Wannan aikina ne."

Ya sa ƙanena ya ɗauko kwamfuta. Yana faɗa da Hausa, ƙanena na mayarwa Turanci. Ya fara da gaisuwa, ya tambayi iyalinsu da aikinsu. Ya gabatar da kansa a matsayin mahaifin yaron. Ya ce yaro ne, bai sani ba, laifinmu ne, mun yi kuskure da muka taɓa abin da yake naku, muna roƙon ku dubi girman Allah ku yafe. Ya ƙara da cewa in da hali su bar yaron ya ci gaba da ɗan wasansa, tunda su manya ne, wannan ba zai rage su da komai ba. Ya ce in wata rana hanya ta biyo da su Daura, suna da masauki. Na tashi na shiga ɗaki don kada in faɗi abin da ba a faɗa wa uba. Ina jin sa yana cewa a sake karanta masa wurin "laifinmu ne", a tabbata ya fita sosai.

Amsa ba ta daɗe ba. Babu gaisuwa a cikinta. Layin farko cewa ya yi, tunda kun amsa da bakinku cewa kun keta haƙƙinmu. Sun ɗauki takardar Baba sun haɗa da ƙorafinsu sun aika wa masu kasuwar manhajoji, su kuma ba su tsaya tambaya ba tunda mai laifi ya amsa laifinsa, suka cire wasan daga kasuwar. Sannan lauyoyin suka turo wata takarda ta sa hannu. Ƙanena zai yi alkawarin ba zai sake amfani da sunan ba ko wani mai kama da shi, zai rufe hanyar da mutane ke karawa da juna, zai goge wasan da duk abin da aka haɗa shi da shi. In ya yi haka ba za su kai shi kotu ba. Wannan shi ne alherin nasu.

Baba ya ce, "Sun ce sun haƙura?"

Ƙanena ya ce, "Ba su ce ba."

"Za su ce. Babba ba ya saurin faɗa, sai ya ga an cika masa sharaɗi. Sa musu hannu."

Ƙanena ya sa. Niyyarsa ya ɓoye kwafi ɗaya a wani wuri, ko don 'ya'yansa, ni ma na ce masa ya yi hakan. Ban san yadda Baba ya ji ba. Washegari ya ɗauki sandarsa ya hau acaɓa har shagon, shi da bai taɓa zuwa ba sai ranar buɗewa. Ya ce, "Ka sa hannu ka ce ka goge. Ban haifi maƙaryaci ba. In suka gano mun yi musu biyu, da wane ido zan dube su?" Ya tsaya a kansa har ya goge komai, filin yashin, karan, tsakuwar, dabarun da aka kwashe daga hannunsa, da muryarsa. Ƙanena ya ce mini da ya zo kan muryar ya ɗaga kai ya dube shi, Baba ya ce, "Har ita."

Muna tsakiyar wasa da matar Damagaram aka rufe hanyar. Saura mini motsi kaɗan in kama ta, karo na farko cikin makonni. Ban san sunanta na gaskiya ba, ba ni da lambarta. Wataƙila har yau tana ɗauka guduwa na yi. Waɗanda suke da wasan a wayoyinsu sun ci gaba da karawa da inuwar Baba na wani lokaci, amma waya ba ta tsufa a hannun mutanenmu. Wannan ta faɗa ruwa, wannan an sace, wannan an sayar. Tawa ta sabunta kanta wata rana, daga nan wasan ya ƙi buɗewa.

Baba kuwa yana jira. Duk lokacin da ƙanena ya shigo gaishe shi, bayan an gama gaisuwa sai ya ce, "Mutanen nan sun yi magana?" Ya tabbata wata rana za su rubuto su ce ba komai, ya wuce, yaro ya ci gaba. Haka ake yi. Bai taɓa ganin an yi wani abu daban ba.

Gaskiyar ta zo ranar sunan 'yar ƙanena. Cikin baƙi akwai ɗan yayan mijina, lauya ne a Kano. Ya shigo cikin gida gaishe da Baba, hira ta kai ga wasan, don shi ma ya taɓa bugawa, ya ce muryar nan ta kore shi ba sau ɗaya ba. Ƙanena ya nuna masa saƙonnin. Ya karanta na farko yana murmushi. Ya ce irin waɗannan takardu watsa su ake yi kamar iri, na'ura ce ke bin kasuwar tana neman duk mai suna irin nasu, a tura wa kowa, wanda ya tsorata ya tsorata. Ya ce bai ga alamar sun yi rajista a ƙasar nan ba, kuma da wuya wata kotu ta hana mutum kiran dara da sunan dara. Ya ce da an kawo masa, layi kaɗan zai rubuta, da wuya su sake waiwayowa. In abin ya yi tsanani ma, a ƙara wa sunan wata kalma a wuce wurin. Sai ya buɗe amsar da muka aika. Murmushin ya tafi. Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi. Wa ya ba ku shawarar ku rubuta laifinku ne?"



Baba ya ce, "Ni ne."

Lauyan ya rasa inda zai sa kansa. Ya fara kame-kame, yana cewa ai niyya mai kyau ce. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Wanda ya karanta takardar nan tawa, dattijo ya ba shi haƙuri a kan abin da ba nasa ba, bai ji kunya ba?"

Da ya yi masa ƙarya da na gode masa. Amma ya ce, "Baba, ban jin akwai wanda ya karanta ta har ƙarshe. Layin nan ɗaya suke nema, sun samu."

Na tambaye shi ko za a iya warware sa hannun. Ya ce sai an yi shari'ar da ba mu da ƙarfinta, kuma ko an ci, me ya rage da za a mayar? Ƙanena ya ce shi ya gama. Na matsa masa daga baya ya sake haɗa wani da wani suna, ya ce, "Da muryar wa?"

Ina jin haushin mutanen nan har yau, kuma ba na neman ya huce. Ba su yi asarar ko ƙwayar gero ba saboda mu. Ba su san akwai Daura ba, ba su san dara wasa ne ba, ban jin sun taɓa buɗe abin da suka kashe sun duba. Sun tsoratar da mu don tsoratarwa ba ta da tsada, sun samu tsoho mai mutunci ya miƙa musu wuya, suka yanka suka wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai, yanzu samarin garin nan wasansu suke bugawa. Ƙanena yana karɓar waya ya gyara, in ta kunnu ya ga sunan a fuskarta da dodo a gefe, ya goge gilashin ya miƙa wa mai ita.

Baba bai sake tambaya ko sun yi magana ba. Ya daina fita gindin darbejiya, ya ce gwiwa ce. Abokansa sun ci gaba na ɗan lokaci, amma wasan ba mai kora ba daɗi, suka koma ƙofar wani gida. Na zo wata rana na ga ramukan sun cike, akuya na kwance a wurin. Masu rigima sun zo daga kara neman ya shiga tsakani, ya sa aka ce musu ba ya jin daɗi, su nemi wani.

Bayan girbi na je gida na same shi zaune a tsakar gida shi kaɗai. Na durƙusa na share ƙasa da tafin hannu, na tona ramuka da yatsa, na karya karan gero daga jikin danga, na tsinto tsakuwa a bakin rariya. Karo na farko ke nan da na taɓa yin haka a rayuwata. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ja tabarmarsa ya matso, ya zaɓi kara.

Hannunsa bai manta komai ba. Na yi iya ƙoƙarina, na ɗauke masa biyu, har na fara jin daɗi, ashe tarko ne. Ya bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya har ba ni da abin jerawa. Na zauna ina jira, na ma ɗan gyara zama don in tashi in an ce in tashi. Ya karkaɗe yashin hannuwansa. Bai dube ni ba, ramukan yake kallo.

Ya ce, "Yi haƙuri."

Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya shiga ɗaki ya saki labule.